Ku Tambayi Malam: Laftof, ChatGPT da Digirin Wata Tara

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan jami'a suka taru. Ba mamaki, sababbin ɗalibai na shirin shiga, 'yan ajin ƙarshe kuma furojet ya sha musu kai. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunayen mutane da na makarantu inda maganar ta taɓa laifi ko ƙorafi.

Tambaya: Malam, ni mai sayar da hatsi ne a kasuwar Asawase. 'Yata ta samu Tek. Na biya kuɗin makaranta, na biya na hostel a Ayeduase, ban gama numfasawa ba ta ce sai laftof. Wayar da ke hannunta ta fi tawa tsada. Ni bokona bai yi nisa ba. Da gaske karatun ne ke bukata, ko gasar ƙawaye ce?
Wani uba, Asawase

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a karatun yarinya, ya mayar maka da abin da ka kashe. Tana da gaskiya.

A Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi, yau daga rajistar kwasa-kwasai har duba sakamako, a intanet ake yi. Jami'ar na da ajin intanet inda malami ke ɗora darasi, ya ba da aikin gida, ya sa ranar da ƙofa za ta rufe. Wanda ya makara ba shi da wanda zai roƙa, na'ura ba ta san 'yar wane ba. Jami'ar Ghana da ke Legon ma suna da nasu, Sakai. Waɗannan abubuwa sun daɗe ana yi musu riƙon sakainar kashi, sai a watan Maris na 2020, da Shugaba Akufo-Addo ya rufe makarantu saboda korona, dole ta sa malaman da ko imel ba sa buɗewa suka koyi Zoom. An buɗe makarantu daga baya, amma ba a koma gidan jiya ba.

Waya na ɗaukar wani sashe na kayan: karanta darasi, kallon bidiyo, ganin saƙon shugaban aji cewa an ɗage lakca. Tana gazawa ne inda ɗalibi zai yi nasa aikin. Rahoto mai shafi ashirin, jadawalin lissafi a Excel, zanen gini a AutoCAD, waɗannan sun fi ƙarfin babban yatsa. Ni da nake koyar da ƙididdiga, daga nesa nake gane aikin da aka buga a waya: jadawali ya karye, rabi a wannan shafi rabi a wancan, lambobi sun bar layinsu.

Ba ka faɗi fannin da za ta karanta ba, alhali a nan kuɗin yake. In shari'a ce ko kasuwanci ko aikin jinya, ta hannu mai lafiya ta isa har ta gama. In kuwa zanen gine-gine ne ko injiniya, kada a sayi komai sai ta tambayi na gaba da ita a sashen, don manhajojinsu na da ci.

Ranar saye kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka tura ta ita kaɗai, don ita launi za ta zaɓa. Ku nemi ɗalibin da ya kwana biyu a jami'a ya raka ku Adum, wajen PZ, inda ake sayar da hom-yus, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Ya duba RAM kada ya gaza giga 8, ma'ajiyar ta zama SSD ba tsohon faifai mai juyawa ba, kuma ta iya ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Batir kuwa kai za ka gwada da kanka, ba ya bukatar boko. Sa mai shago ya zare caja, a kunna bidiyo, ku zauna ciniki da hira na rabin awa, sannan ka duba nawa ya sauka. Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 a garin nan ba sai an yi masa wa'azi a kan batir ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar.

Ita kuma ka gaya mata ana satar laftof a hostel. Google Drive na ba kowa giga 15 kyauta, duk abin da ta rubuta ya kwana a can.

In kana son sanin ko kuɗinka na aiki, Alhaji, bari ta dawo hutun farko. Miƙa mata littafin bashin shago ka ce ta zuba maka shi a Excel, ta nuna maka wa ya fi daɗewa bai biya ba da watan da masara ta fi fita, ta yi maka bayani da Hausa.

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe. Ba zan ɓoye maka ba, babi na biyu na furojet ɗina ChatGPT ne ya rubuta kusan duka, na ɗan sassauya kalmomi. Kowa a ajinmu haka yake yi. Ga abokina kuma, ya rantse da hannunsa ya rubuta nasa, amma na'urar bincike ta ce aikin inji ne, sufabaiza ta dawo masa da shi. To ina amfanin wahala? Kuma a addini laifi ne?
Ɗalibi, Ayigya Zango

Amsa: Ƙanena, tambaya uku ka ɗaure a ƙulli ɗaya. Kafin in kwance su, fara sanin da wa kake hulɗa.

ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya saki a ƙarshen Nuwamban 2022, da 'yan'uwansa irin su Gemini, an ɗura musu rubutu ne wanda ba ya ƙirguwa, har suka ƙware wajen sanin kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Sana'arsu ke nan, kawo magana mai kama da daidai. Sau da yawa takan zama daidai ɗin, shi ya sa suke da amfani. Amma inda ba su da abin faɗa ba sa yin shiru, ƙagawa suke yi, kuma da murya ɗaya suke faɗin gaskiya da ƙagen. Babi na biyu kuwa, bitar abin da magabata suka rubuta, gaba ɗayansa sunaye ne da shekaru da mujallu, daidai wurin da wannan hali ya fi ɓarna. Ba ɗalibai kaɗai abin ya ci ba. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ba a taɓa yi ba. ChatGPT ne ya ƙaga musu, su kuma ba su duba ba.

Na zauna a wani difens, wato zaman kare furojet a gaban malamai, inda wani yaro ya kawo furojet a kan masu kiyos ɗin MoMo, masu tura kuɗi ta waya, a Aboabo. Ya sha kwat da taye, gumi na tsattsafo masa. Babinsa na biyu sumul, Turanci ba gargada. Wata malama a cikinmu, wadda ba ta ɗaga murya, ta ɗora biro a kan wani suna ta ce, "Wannan da ka ambata har sau uku, me ya gano?" Yaro ya duƙa ya karanto jimlar. Ta ce, "Wannan na gani. Kife takardar ka gaya mini." Ya yi zuru. Ta jawo laftof ta nemi maƙalar a gabansa. Mujallar akwai ta. Maƙalar babu, marubucin ma ba a taɓa haifarsa ba.

Abin takaicin ya zo bayan nan. Da aka shiga babi na huɗu, inda shi da ƙafarsa ya bi kiyos-kiyos, sai bakinsa ya buɗe. Ya san wanda ke rufewa tun sha biyu ranar Juma'a. Ya san dabarun da mutane suka riƙa yi don kauce wa harajin tura kuɗi ta waya, e-levy, bayan an kawo shi a 2022. Ya san abin da ya sa tsofaffin mata suka fi sakin jiki da kiyos ɗin da yarinya ke zaune a ciki. Babu injin da ya san wannan, don ba wanda ya taɓa rubuta shi. Yaro yana da abin hannunsa, ya je ya aro na ƙarya ya shimfiɗa a gaba, na ƙaryar ya jawo aka fara shakkar na gaskiyar.

Mu 'yan Zango bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A makarantar allo, ko babban almajiri ne ya rubuta maka allonka da hannu mai kyau, malam ba ya cewa ka wanke sai ka durƙusa a gabansa ka biya. Difens haka yake, intabiyun neman aiki haka yake, haka ma ranar da shugabanka a wurin hidimar ƙasa zai ajiye maka fayil ya ce "duba min wannan". Amfanin wahalar da kake tambaya ke nan.

Batun abokinka daban ne, kuma yana iya zama mai gaskiya. Abu biyu ake cakuɗawa. Akwai binciken kwafe, irin wanda aka san Turnitin da shi: ya ɗauko jimlarka ya ajiye ta kusa da inda aka kwafo ta, kowa ya gani da idonsa. Wannan hujja ce. Akwai kuma mai cewa kashi kaza na rubutun nan inji ne ya yi. Wannan hasashe ne, ba shi da abin nunawa. OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan ma'auni a Janairun 2023, ya janye shi a watan Yuli saboda yawan kuskurensa. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan ma'aunai da rubutun ɗaliban da ba da Turanci aka haife su ba, sai ma'aunan suka ce fiye da rabi aikin inji ne, alhali mutane suka rubuta. Wanda ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su da jimloli marasa kwana-kwana, ma'aunin kuma wannan yake ɗauka alamar inji. Mu ke nan, da Turanci ya zo mana na uku bayan Hausa da Tonanci.

Don haka kada ya yi faɗa, kada kuma ya je neman manhajar da ke sauya rubutu don ya tsallake ma'auni, wannan ne zai mayar da mai gaskiya mai laifi. Ya tattara daftarinsa na farko, da littafin da yake rubutu da biro, da takardun tambayoyin da ya raba, da tarihin gyare-gyaren da Google Docs ke ajiyewa. Ya je ofis cikin ladabi ya ce, "Madam, ki buɗe duk shafin da kika so ki tambaye ni." Minti goma sun isa a gane mai aiki.

Na addini, ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka kai wa malaminka. Sai dai ka kai masa tambayar yadda take. A farkon furojet akwai shafin da za ka sa hannu cewa wannan aikinka ne, kuma duk wanda ka ɗauko maganarsa ka ambace shi. A kan wannan sa hannun tambayar take. Ka kuma san hadisin da ke cikin Muslim, na mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, da abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa game da mai algus.

Ban ce ka rabu da ChatGPT ba, ni ma ina amfani da shi. Sa shi ya yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, ba ya gajiya ba ya tsawa. Sa shi ya gyara nahawun abin da kai ka rubuta. Mafi amfani duka, ba shi babinka ka ce ya zama mai jarrabawa mara tausayi ya yi maka tambayoyi. Ka bi ƙa'idar sashenku, in sun ce a bayyana ka bayyana. Kada dai ka zuba masa sunaye da lambobin wayar mutanen da ka yi hira da su. Amana ce, kuma Ghana na da dokar kare bayanan mutane tun 2012.

Babi na biyun nan sai ka sake shi. Ɗauki sunayen ɗaya bayan ɗaya ka nema a Google Scholar. Wanda ba ka samu ba, goge shi da duk abin da aka jingina masa. Wanda ka samu, karanta shi. KNUSTSpace da UGSpace, rumbunan intanet na Tek da Legon, cike suke da kundayen digiri na biyu da na uku da aka rubuta a kan ƙasar nan, kyauta. In maƙala goma sha biyu ce ta rage maka daga arba'in, ta isa.

Tambaya: Na tambayi ChatGPT darasin kimiyyar sinadarai da Hausa don in fi ganewa. Ya amsa, amma Hausar kamar ta labaran rediyo, wasu kalmomin ban taɓa jin su a Nima ba. In dogara da shi?
Ɗaliba, Nima

Amsa: 'Yata, abin da aka rubuta ya koya, Hausar da aka rubuta kuwa yawancinta daga Nijeriya da Nijar take: jaridu, littattafan addini, shafukan gidajen rediyo irin su BBC da ke watsa Hausa tun 1957. Tamu ta Zango a baki take, a wa'azi da kasuwa da saƙon murya. Darasin kimiyya da Hausa kuma ko a can kaɗan ne a rubuce, don haka ya fi yin tuntuɓe. Tunda da Turanci za ki rubuta jarrabawa, ki tambaye shi da Turanci, ki gwada amsar da littafinki, sannan ki nemi ƙawa ki mayar mata da shi da Hausar Nima. Inda kika kakare, nan ne ba ki gane ba.

Google na da cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a garinku, Accra, tun 2019, amma ba wanda zai zo ya rubuta mana Hausarmu. Dagombawa sun tashi sun gina Wikipedia da harshensu, aka amince da ita a 2021. Mu muna nan muna tura saƙon murya.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Tafo, difloma gare ni, da 'ya'ya uku. Yaran da suka zo bayana duk da digiri suke zuwa. Na ga talla a Facebook: wata jami'ar waje, digiri cikin wata tara, komai a intanet, babu jarrabawa, a biya ta MoMo. Maigidana ya ce zai biya. Malam, in shiga?
Malama, Tafo Zango

Amsa: Malama, ki gaida maigida, ki ce Allah ya saka, amma ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Na gane abin da ke cin ki. Tun 2018 da kwalejojin horar da malamai suka koma ba da digiri na shekara huɗu, masu difloma suka ga ana wuce su a tsaye. Masu irin wannan talla ma sun gane, da ku suke.

Karatu daga nesa ba abin rainawa ba ne, kuma ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar digirinta ga waɗanda ba sa zaune a cikinta tun 1858. Ita kanta Legon, da aka kafa a 1948, digirin Landan ɗalibanta ke karɓa har zuwa 1961. Abin da ya ba waɗannan takardu daraja shi ne akwai ranar da za a zaunar da mutum, a raba takarda, wani ya tsaya a kansa. Tallan da ke alfahari da "babu jarrabawa" ya riga ya gaya miki abin da yake sayarwa.

Hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ke amincewa da manyan makarantu a Ghana, kuma jerinsu na nan a shafinta. Ki duba makarantar, ki duba kwas ɗin kansa, don makaranta na iya samun izini amma wani kwas nata bai samu ba, ko wa'adinsa ya ƙare. Takardar waje kuma GTEC ce ke auna ta ta faɗi matsayinta. Ki rubuta musu sunan jami'ar ki tambaya kafin sidi ɗaya ya fita, ba bayan an yi walima ba. Hukumar nan ba wasa take ba. A 2025 mun ga yadda ta bi 'yan siyasa da manyan mutane tana cewa su sauke "Dakta" da "Farfesa" da ba su nuna shaidarsu ba. In masu kujera ba su tsira ba, ina ga malamar firamare.

Hanya mai ɓullewa tana kusa da ke. Jami'ar Cape Coast da ta Winneba sun daɗe suna ɗaga malamai daga difloma zuwa digiri ta karatun nesa, kuma suna da cibiyoyi a nan Kumasi. Wani ɓangare a intanet, wani ido da ido a ƙarshen mako, jarrabawa kuma a zaure. Galibi wajen shekara biyu ne ga mai difloma.

Abin da ke kayar da mata a wannan hanya Asabar da Lahadi ne. Kin san Zango: yau suna, gobe aure, jibi addu'ar arba'in, wadda ba a gani ba kuma sai an yi da ita. Tunda maigida ya nuna niyya, ki roƙe shi abin da ya fi kuɗin wuya: ya riƙe yara ranakun lakca, ya kuma tsaya miki a wajen dangi in aka fara cewa boko ya sa kin yanke zumunci.

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara koyarwa a wata jami'a a Accra ba. Ajina ya haura mutum ɗari uku. Tun da na fara tura silaid a WhatsApp, rabinsu suka daina zuwa. Wani babba a sashenmu ya ce in daina turawa, dole su zo su kwafa. Me ka gani?
Sabon lakcara, Madina

Amsa: Malam, barka da shigowa, Allah ya ba da haƙuri. Shawarar babban naku za ta cika maka aji, ba shakka, amma da masu kwafa.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: in silaid ya iya tsaya maka, to silaid kake karanta musu. Yaron da zai hau torotoro biyu daga Ashaiman don a karanta masa abin da ke cikin wayarsa, in ya zauna gida lissafinsa daidai ne. Yawan kuma ba raguwa zai yi ba, tun da 'yan farkon sakandare kyauta, wadda aka fara a Satumban 2017, suka iso jami'a a 2021.

Ci gaba da turawa, ka ma tura kafin lakca. Haɗa da bayanin murya na minti goma, ya fi bidiyon awa guda sauƙin data, ana kuma saurarensa a mota. Ka ɗora a dandalin jami'a, kada ka bar shi a wayar shugaban aji kaɗai. Ka tura rubutu na gaske maimakon hoton shafi, don manhajar da ke karanta wa ɗalibi makaho takan tsaya cik in ta ci karo da hoto.

Sa'o'in aji kuwa ka kashe su a abin da waya ba ta yi. Akwai dabarar da Eric Mazur, malamin fiziya a Harvard, ya fito da ita a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa na warware lissafi amma ba su fahimci tushen abin ba. Jefa tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu, irin wadda ke kama mai hadda. Kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti ɗaya, sannan ya nuna amsarsa. Akwai manhajojin ƙuri'a, amma ni yatsu nake sa su ɗora a ƙirji, ɗaya zuwa huɗu, yadda na baya ba zai ga na gaba ba. Ba ruwan yatsa da Wi-Fi. In aji ya rabu, ka ce kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcin da ya saɓa masa. Zaure zai kaure, za ka ji Tonanci da Ga da Hausa da buroka a haɗe, ƙyale su, kai dai ka bi layi kana kasa kunne. Bayan minti uku a sake ƙuri'a. Sau da yawa yatsu kan koma wajen daidai kafin ka ce uffan, kai kuma ka ji da kunnenka inda fahimtarsu ta karkace. Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniya da lissafi, ya samu faɗuwa kusan kashi 34 cikin ɗari a azuzuwan lakca zalla, kusan kashi 22 a inda ɗalibai ke aiki a cikin aji.

Gwajin mako-mako ka sa shi a dandali ya riƙa ba da maki da kansa, amma ka bar ƙofar a buɗe kwana ɗaya ko biyu. In ka ce minti ashirin daga ƙarfe takwas na dare, netwok ɗin unguwanni za ka auna. Aikin gida kuma, tunda ka san ChatGPT ke taya su, ka gaya musu tun farko cewa kowane mako za ka zaro sunaye goma, kowa ya zo ofis ya yi minti biyar yana bayanin abin da ya miƙa. Ba za ka iya sauraron ɗari uku ba, amma ba wanda ya san ko shi ne na gaba.

Ka sanar da shugaban sashe kafin ka fara, don malamin zauren da ke kusa zai kai ƙarar hayaniya. Makonnin farko yara za su yi gunaguni cewa "Sa ba ya ba da not", kada ka ja da baya kafin gwajin tsakiyar simesta. Babban naku kuwa kada ka yi masa gardama a taron sashe. Gayyace shi wata rana ya zo ya zauna a baya.

Masu tambaya a kan bashin karatu na SLTF da batun Ghana Card, na ga wasiƙunku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.